Bindigar Agwagwa Da Gurgun Hannu: Ɗan Tarihin Kayan Gem A Ƙasar Gumel

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran ci gaban littafi su yi mini afuwa. Wani ɗan tarihi ne ya tsaya mini a rai, wanda na ga idan mu da muka gan shi da idonmu ba mu rubuta ba, to babu mai zuwa daga wani wuri ya rubuta mana.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, wata ranar Alhamis na raka wani aminina kasuwar Maigatari zai sayi ɗan maraƙi, da muka gama sai muka biyo ta wajen masu sayen gwangwan, ina ta kallon tarin matattun rediyoyi da fitilu da suka zube a ƙasa, sai idona ya faɗa kan wata baƙar bindigar roba mai jar kunama, da doguwar waya a gindinta, an naɗe wuyan wayar da robar tayar keke. Na tsaya cak. Yaron da ke gadin kayan ya ce, "Alhaji, ta wasan yara ce, amma fa ba ta da harsashi, kuma ba ta ƙara." Na ce masa, "Samari, ai wannan tun da aka ƙera ta ba ta taɓa ganin harsashi ba." Na ba shi abin da ya sawwaƙa na jefa ta a aljihu, aminin nawa yana ta yi mini dariya wai girma ya zo amma yarinta ta ƙi tafiya.

Mu mutanen ƙasar Gumel, wato Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, gem ya iso mana ne ta hanyar da kusan komai yake iso mana, wato ta Kano. An yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, amma ba a yanke mu daga kasuwar Sabon Gari ba. Ni dai a 1994 na fara ganinsa, ina ɗan sakandare, ranar da wani kawuna mai fataucin kayan wuta ya dawo da wani kwali mai hoton sojoji da jiragen yaƙi. Da aka buɗe sai ga wata 'yar na'ura mara nauyi, da kaset ruwan ɗorawa an rubuta masa lambar tara-tara har sun kusa cika jikinsa, wai adadin wasannin da ke ciki ke nan, sai bindiga irin waccan, sai kuma abin riƙewa a danna guda biyu. Wannan abin riƙewar shi muke kira "hannu", har gobe kuma haka yaran gidan gem suke kiransa.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, abin da muke yi wa layi a matsayin sabon yayi ya shekara 11 da fitowa. Asalinsa na'urar kamfanin Nintendo ce ta ƙasar Japan mai suna Family Computer, ko Famicom a taƙaice, wadda ta fito a watan Yuli na 1983. Masana'antun Taiwan da na Chaina ne suka kwaikwayi kayan cikinta suka cika ƙasashen talakawa da ita, kowace ƙasa da sunan da aka raɗa mata, a Rasha ana ce mata Dendy tun 1992, a Folan kuwa Pegasus, mu kuma duk sunan da aka buga a jikin kwalin shi ke nan. Ita ma ta asalin ba ta rasa nata shirmen ba. Hannayenta biyu a liƙe suke da jikinta ba a cire su, wayarsu gajera, ga shi hannu na biyu ba shi da madannin farawa da na zaɓe, sai aka saka masa 'yar makirfo wadda wasanni ƙalilan ne suka taɓa amfani da ita. Ka ga tun daga Japan ɗin an riga an yanke hukuncin cewa akwai yaya akwai ƙane, ƙane ba shi da ikon tayar da wasa ko tsayar da shi. Rukunin farko ma madannansa na roba ne masu kusurwa huɗu, suna maƙalewa idan an danna, sai daga baya aka mayar da su masu zagaye.

Abu ɗaya da babu wanda ya isa ya kushe a hannun nan shi ne alamar tarawa da ke gefen hagu, wadda babban yatsa ɗaya yake juya ta sama da ƙasa da hagu da dama. Wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi da mutanensa ne suka fito da ita a 1982 a jikin wani ɗan gem na aljihu, Nintendo kuma ta yi mata rajista. Wannan ya sa duk kamfanin da ya biyo baya sai ya ɗan karkace, Sega ta yi nata kamar faifai, Sony ta raba nata gida huɗu. Su kuwa masu yi mana na jabu babu ruwansu da wata rajista, sun kwafe ta yadda take, sai dai sun yi ta da robar da ba ta kai ta bokitin wanka ƙwari ba. Suka ƙara wasu madannai biyu masu harbi ba ƙaƙƙautawa, suka sa waya siririya kamar zaren ɗinki, bakin da ake jonawa kuma idan ka cire ka mayar sau ashirin sai alluran ciki su lanƙwashe. Adaftar kuwa idan ta ɗau zafi sai ka sa tsumma ka ɗauke ta. Kaset idan ya ƙi tashi mu cire mu hura masa iska da baki, muna ganin gyara muke yi, ashe danshin numfashinmu tsatsa yake ƙara masa.

To bari in dawo kan bindiga, don ita ce ta fi ruɗa gari. Wasan da ake yi da ita Duck Hunt ne, wanda ya fito a 1984, agwagwa ta tashi daga cikin ciyawa ka harbe ta, idan ka kuskure wani kare ya ɗago kai ya yi maka dariyar ƙeta. Manya a gidanmu sun rantse wani haske take harbawa cikin talabijin, kuma shi zai ƙone gilashin. Kakata, Allah Ya jiƙanta, idan aka ɗauko ta tashi take yi daga ɗakin, tana cewa ita ba za a nuna mata bakin bindiga da sunan wasa ba. Gaskiyar maganar kuwa ita ce bindigar ba ta fitar da komai, kallo take yi. A cikin bakinta akwai wani ɗan ido mai gane haske. Da zarar ka ja kunama, sai fuskar talabijin ta yi baƙi ƙirin na ɗan lokacin da bai wuce ɗaya bisa 50 ko 60 na daƙiƙa ba, sannan a zana farin akwati a daidai inda agwagwar take, idan idon bindigar ya ga duhu sannan ya ga farin, sai na'ura ta ce ka samu. Wannan 'yar walƙiyar da muke gani muna cewa wutar harbi ce, ita ce dabarar gaba ɗaya. Shi ya sa idan aka fito da talabijin tsakar gida da rana sai ta rikice, shi ya sa kuma ba ta aiki da talabijin na yanzu marar ƙeya, domin shi yana ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna, kafin farin akwatin ya bayyana bindiga ta gama dubawa.

Akwai wani yaro a unguwarmu da aka daɗe ana zargin yana da wani asiri, domin duk ranar da yake zaune a wurin babu mai samun agwagwa, sai ta riƙa kauce wa harbi kamar mai hankali. Har dukansa an taɓa yi a kan haka. Sai bayan shekaru na gane cewa a wasan agwagwa ɗaya, hannun da aka bari a jone yana iya juya agwagwar, haka masu wasan suka tsara shi tun asali, yana kuma rubuce a takardar bayani. Mu namu kwalin babu takardar, shi kuma yaron ya gano da kansa ya ja bakinsa ya yi shiru, yana zaune da hannu a ƙarƙashin riga.

Bayan wannan sai aka shiga zamanin yaudarar iyaye. Daga 1999 zuwa 2007, lokacin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, babu kalmar da ta kai kwamfuta farin jini a Jigawa, an buɗe makarantar koyon ta a Kazaure, kowane uba yana son ɗansa ya iya. Sai ga wata na'ura ta shigo kasuwa mai siffar allon madannan kwamfuta sak, da haruffa da lambobi, wata ma har da ɗan linzami, a jikin kwalin ga hoton yaro ya sa kwat yana karatu. Irin wannan dabarar daga Chaina ta taso, inda kamfanin Subor na garin Zhongshan ya sayar da ita da sunan na'urar koyon karatu, har Jackie Chan ya yi mata talla, mutumin da ya jagoranci kamfanin kuwa, Duan Yongping, shi ne ya fita ya kafa BBK a 1995, gidan da wayoyin Oppo da Vivo suka fito. A cikinta dai na'urar 1983 ɗin nan ce aka sauya wa riga. Ba zan zalunce ta ba, tana da darasin koyon buga haruffa da ɗan lissafi, amma da Turanci ne ko da rubutun Chaina, kuma duk abin da ka rubuta da zarar wuta ta ɗauke ya tafi ke nan. Na san wani malamin firamare a Gagarawa da ya tara kuɗin wata biyu ya saya wa 'ya'yansa, ya gayyato maƙwabta su zo su ga kwamfuta, da aka kunna sai ga ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki yana tsalle yana cin laimar kwaɗi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Allah Ya sa albarka," ya tashi ya shige ɗaki.

Ƙanwarta a yaudara ita ce Polystation, wadda aka yi wa siffar PlayStation har da murfin da ake buɗewa a sa faifai, ka buɗe ka tarar da ramin kaset. Mu marubuta mun san irin wannan, shi ne saurayin da ya aro mota da shadda ya je zance.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai aka yi wa haka don an ga mu talakawa ne. Yaran Amurka sun biya dala sun sayi abin da ya fi namu shirme, kuma daga manyan kamfanoni. A 1985 Nintendo ta sayar musu da wani mutum-mutumi mai suna R.O.B. wai abokin wasa, wasanni 2 kacal aka taɓa yi masa. A 1989 kamfanin Mattel ya fito da Power Glove, wata safar hannu mai madannai a damtse, wai ka juya hannunka a iska abin da ke cikin talabijin ya bi ka. Kafin ka fara sai ka kafa wasu kunnuwa uku a gefen talabijin masu sauraron wani sauti da safar ke fitarwa wanda kunnen mutum ba ya ji, sannan ka buga lambobin wasan da za ka yi, sannan ka ɗaga hannu a sama har kafaɗarka ta sage, duk da haka ka ce dama ya yi hagu. Ta hannun dama kawai aka yi, bahago sai ya yi kallo. An tallata ta a cikin fim a shekarar, yara suka yi rububinta, shekara na zagayowa aka daina yin ta. A 1993 Sega ta kawo Activator, wani zobe mai kusurwa takwas da ake shimfiɗawa a ƙasa ka tsaya a tsakiya kana naushi da shuri, yana aiki da wani haske da yake aikawa rufin ɗaki ya dawo, don haka sai rufi ya zama shafaffe, ba fanka ba komai. Ina tunanin yadda zai kaya a ɗakin azara ko rumfar zana. Shi kansa Yokoi mai alamar tarawa bai tsira ba, a 1995 ya fito da Virtual Boy, wani abu da kake cusa fuskarka ciki kana ganin ja da baƙi kawai har kanka ya yi ciwo, ba a sayar da guda 800,000 ba aka janye shi. Ya bar kamfanin a 1996, ya mutu a hatsarin mota a 1997.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne hannun Nintendo 64 na 1996, mai mariƙi uku, alhali Allah hannu biyu Ya yi wa ɗan Adam. A tsakiyarsa akwai ɗan sanda da ake juyawa, wani wasa mai suna Mario Party kuma yana buƙatar a juya shi da sauri, sai yara suka riƙa murza shi da tafin hannu har fata ta saɓule. A shekarar 2000 babban lauyan jihar New York ya sa baki, kamfanin ya yarda zai raba wa masu wasan safar hannu kyauta. Hannun Xbox na farko a 2001 kuwa girmansa ya kai ƙaramin faranti, har sai da aka yi wa mutanen Japan ƙarami, daga baya kowa ya ce shi ma ƙaramin yake so. A 2002 kuma aka yi wani wasan yaƙi mai suna Steel Battalion, hannunsa yana da madannai wajen 40 da abin takawa 3 kamar mota, kuɗinsa wajen dala 200.

Duk waɗannan ba su iso Gumel ba, kuma ba mu yi asarar komai ba. Amma ni a ganina akwai shirme iri biyu. Akwai na wanda ya ƙera abu ya manta da yadda hannun mutum yake, irin waɗanda na lissafa. Akwai kuma abin da aka ƙera shi da kyau, amma don wani yaro guda ɗaya mai zama a kan darduma a ɗaki mai sanyi, ya yi wasan awa ɗaya uwarsa ta ce ya isa, sai ƙaddara ta kawo abin nan garin rairayi, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, inda hunturu ke shigo da ƙura ta ƙarƙashin ƙofa, ya faɗa hannun yara hamsin a yini. Wannan na biyun ni na san shi da aljihuna.

A 2003 na kwashe ɗan abin da na samu daga littafina na farko na kama shago a Gumel, na sa benci biyu, talabijin uku, PlayStation ta gwanjo guda uku da ɗan ƙaramin janareta. Tun ranar farko ɗaya ta tafi, domin ƴar Amurka ce mai cin wuta 110, tamu kuwa ta ninka haka, yaron shagona ya jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, sai hayaƙi. Ɗaya kuma ta ƙi nuna kala sai fari da baƙi, don tsarin hotonsu daban yake da namu, kamar yadda mutanen Dungas da Magarya da ke sayen kaya a Maigatari su ma suke fama, tasu ƙasar tsarin Faransa ta bi. Wasan da ke kawo kuɗi ɗaya ne, ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami, da mai sharhinsa Jon Kabira yana ta ihu da Japananci, yara sun haddace ihun ba su san ma'anarsa ba. A nan ma akwai rikici, domin a wurin mutanen Japan da'ira ita ce "na yarda", gicciye kuma "a'a", haka mai zanen hannun Teiyu Goto ya nufa, Turawa kuma suka juya abin. Ka sa faifan Japan ka danna gicciye ya mayar da kai baya, ka sa na Turai ka danna da'ira ya mayar da kai baya. Sai a 2020 Sony ta daidaita su.

Amma abin da ya cinye ribata hannu ne. Na asali da suka zo da na'urorin sun yi ƙoƙari, da suka gaji sai na koma sayen na jabu, kuma araha ba ta ado. Madanni biyu ne suke fara mutuwa, mai kusurwa huɗu na buga ƙwallo a raga, da na saman dama na gudu, domin kowane yaro Tijjani Babangida yake ɗauka, wanda a cikin wasan nan babu mai kamo shi, ya danne madannin gudu tun daga farko har a tashi. A ƙarƙashin kowane madanni akwai 'yar roba mai baƙin ɗigo, ɗigon nan shi ke taɓa allon ciki ya haɗa wuta. To ka haɗa ƙurar hunturu da gumi da man awara da na ƙosai, cikin mako biyu ɗigon ya toshe.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda bai taɓa buga gem ba a rayuwarsa. Na kai masa buhun matattun hannaye, ya kwance ɗaya ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ɗana, wanda ya yi wannan bai taɓa zuwa garin nan ba." Shi ya koya mini goge allon da sifirit, da goga bakin fensir a kan ɗigon, idan ya ƙi a yanko takarda mai ƙyalli ta kwalin sigari a manna. Shi ya fara naɗe wuyan waya da robar tayar keke tun tana sabuwa, don a nan take karyewa. Hannu uku matattu yakan fitar da ɗaya mai rai. Masu ɗaukar gem a babur suna bin kasuwannin Sule Tankarkar da Gagarawa da batirin mota da ƙaramin talabijin, su ma duk wurinsa suke kawowa. Da za a tambaye ni, injiniyan da ya ƙarasa ƙera hannun gem don ƙasarmu shi ne wannan bawan Allah, sai dai babu mai sa sunansa a kwali.

Duk da haka a kowane benci akwai hannu mai lafiya, akwai kuma wanda muke kira gurgu, wanda ba ya zuwa hagu sai an danna da ƙarfi. Kuɗin da kowa ya biya ɗaya ne, amma babban yaro ko ɗan mai hali shi ke ɗaukar mai lafiya, ƙaramin ya ɗauki gurgu, a ci shi biyar a kuma yi masa dariya. Rannan wani ɗan almajiri da ya yi wankin kwanuka ya tara kuɗin wasa ɗaya ya ajiye hannun ya zo gabana, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Yaya, ni ma fa kuɗina cikakke na bayar." Ban sami abin ce masa ba. Daga ranar na kafa doka, idan an tafi hutun rabin lokaci a yi musayar hannu, wanda bai yarda ba ya karɓi kuɗinsa. Na rasa wasu manyan kwastomomi a kan haka. A 2005 na rufe shagon, da na yi lissafi na tarar abin da na kashe a hannaye ya fi kuɗin na'urorin su kansu.

Yanzu gem ya koma cikin waya, yara suna murza gilashi da yatsa, amma ciwon bai warke ba, domin hannun Nintendo Switch da ya fito a 2017 sandansa yakan riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba, har aka kai kamfanin kotu a Amurka a 2019.

Bindigar da na sayo a Maigatari kuwa, da na kawo ta gida autana ya ce, "Baba, a ina ake sa mata caji?" Na ɗauke shi muka tafi wurin dattijon nan, yanzu idonsa ya yi rauni, jikansa ne a kan teburin. Aka tono wata tsohuwar na'ura a ƙasan tarkace da talabijin mai ƙeya, aka goge, aka jona, na hura wa kaset iska duk da na san ba shi da amfani. Sai ga ciyawa, sai ga kare. Yaron ya gyara tsayuwa ya rufe ido ɗaya ya ja kunama, agwagwa ta kauce. Ya sake ja, ta sake kaucewa, kare ya ɗago yana dariya. Ya juyo ransa a ɓace ya ce, "Baba, wannan bindigar taka ta lalace." Dattijo yana kallon hannuna da ke ƙarƙashin babbar riga, ya ce, "A'a jikana, lafiyarta ƙalau, sake gwadawa."